Shekarar da Na Rataya wa Ɗorawa Fure

Ni ban san ƙidayar shekaru irin ta 'yan boko ba, amma ina da tawa, kuma ba ta taɓa ɓatar da ni ba. Shekarar da aka ce motoci su bar hannun hagu su koma dama, har jakunan garinmu suka rasa gefen da za su raɓe a hanyar Gezawa, a daminar nan ruwa ya fara yi mana rowa. Da rani ya shigo aka karɓe mana fam da sule, aka ba mu naira da kwabo. Daminar da ta biyo baya ta fi ta farko lalacewa. Gero ya kawo iya gwiwa ya bushe a tsaye, gyaɗa kuwa ko irin da aka zuba ba a mayar ba. Ranin da ya bi bayan wannan damina ta biyu, shi nake so in ba ku labarinsa. A lokacin ina goyon ɗana na uku, kuma na fi shekara goma ina daddawa da hannuna.

Ku da kuka zo kuka ce, "Iya Tabawa, koya mana daddawa, kafin la'asar za mu koma," don kun ga wata tana yi a waya cikin ƙiftawar ido, to ku gyara zama. Kafin la'asar kalwa ko gumi ba ta fara ba. Kuma daddawa ba a tukunya take farawa ba, a bishiya take farawa.

In ɗari ya fara ja da baya, zafi bai gama kama ƙasa ba, sai ɗorawa ta zubar da tsohon ganye ta sako fure. Jajaye ne, mulmulallu, kowanne rataye a dogon tsinke kamar tuntun hula. Ƙudan zuma ya yi mata caa, tun daga bakin gona kina jin ƙuginsa. Daga nan 'ya'ya su fito dogaye, su nuna da bazara, daidai lokacin da rumbu ya fara amsa kuwwa in an ƙwanƙwasa shi. In kin ɓare, garin nan rawaya mai zaƙi na yara ne da kunu. Ɓawon, wato makuba, na masu daɓe ne da shafen katanga. Ƙwayar da ke tsakiya, baƙa mai taurin tsiya, ita ce kalwa. Ita ce tawa.

Tukunyar farko da na tsare a gidan Gwaggo Kande ne, yayar babana, ina 'yar shekara goma sha ɗaya ko sha biyu. Gwaggo tana da 'ya tata ta cikinta, Uwani, taubashiyata, amma Uwani ta ƙi sana'ar ƙememe. Cewa ta yi ita ba za ta yi aikin da saurayi zai san ta zo kasuwa tun tana bakin gari ba. Ta ɗauki mazari ta kama kaɗin auduga. Sai Gwaggo ta aika gidanmu ta ce a ba ta ni.

Shekara guda cur ban taɓa kalwa ba, wuta kawai nake yi. Kalwa ba ta jin lallashi. Wuni da kwana take a kan murhu, ana ƙara ruwa, ana tura itace, sai kin ɗauko ƙwaya kin matsa da yatsu biyu ɓawon ya sulluɓe da kansa. Ranar da na tafi kallon masu gangi na bar ruwa ya ƙone, Gwaggo ba ta dake ni ba. Ta kwashe ƙonanniyar, ta gama aikinta har ƙarshe, ta ware ta gefe. Kwana bakwai da ita ake kaɗa mini miyata ni kaɗai. Har yau in na ji ƙauri a gidan maƙwabta sai na miƙe tsaye.

Bayan dahuwa sai surfe a turmi da 'yar toka, a hankali, don ɓawo ake so ya fita, ba a so ƙwaya ta farfashe. Sai wanki, wanda shi ne mai cin ruwa. Akan ɗauki masaki da gwagwa, ƙwaryar nan mai huji-huji ta tsiyaya, a tafi kududdufin bayan gari, a yi ta cuɗawa ana tsiyayewa har ɓawo ya taso sama ya tafi, ƙwaya ta fito fes. A sake mayar da ita wuta da ɗan jiƙon kanwa. A tsame da zafinta a juye a kwandon da aka shimfiɗe da ganyen kalgo, a lulluɓe da tsohon buhu, a kai ƙuryar ɗaki.

"Kwana uku," in ji Gwaggo. "Amarya ce a lalle, ba a leƙa ta. Kika buɗe don ki gani, ta yi fushi ta bushe."

A kwana na uku ɗakin da kansa zai faɗa miki. A buɗe a ga ta yi yauƙi ta kama juna. A ɗan sha iska da ita, a kirɓa, a mulmula, a danne da tafin hannu, a shanya a tabarma, a zauna gadin kaji. Ni yatsu uku nake dannawa a tsakiyar kowace ɗaya, shaidar Gwaggo ce na gada.

Abu ɗaya kuma, ku riƙe shi don zai dawo: mai daddawa ba ta jin warin kanta. Zanenki, gashinki, kuɗin da kika ba da canji, duk sun ɗauka, ke kuwa ki rantse ƙamshin sabulu kike.

Ranar kasuwar Gezawa nakan ɗora kwando tun da hantsi bai yi ba. Masu tuwon sayarwa su ne manyan abokan cinikina, ba sa ma tayawa, yatsu ukun kawai suke dubawa. Matan Fulani mu yi musaya da nono da man shanu. Akwai wani malami mai almajiran ilmi manya da yake toshe hanci da hannun riga duk ranar da ya bi ta layinmu yana cewa, "Subhanallahi, Tabawa, ba za ki koma bayan kasuwa ba?" Ni kuwa in ce, "Allah gafarta Malam, in na koma can, 'yar aiken gidanka za ta sha wahalar nemana." Sai ya yi gaba yana murmushi a cikin rawani.

To, kalwar duk daga ina? Rabi ina saya, rabi daga Mai Zaƙi. Mai Zaƙi ɗorawa ce, sunanta ke nan, don garinta ya fi na kowace zaƙi a yankinmu. Mutum uku ba sa haɗa hannu a gindinta. A garinmu bishiya daban, gona daban. Gonar ta kakanmu ce, ta zo hannun babana, da ya rasu ta koma hannun Yaya Sale, wana uwa ɗaya uba ɗaya. Bishiyar kuwa rabon Gwaggo ce, kuma kafin ta rasu ta kira Mai unguwa Bawa ta ce a gabansa, "Na ba Tabawa. Uwani ta je ta tsinki auduga." Saboda haka bishiyata ce a tsakiyar gonar wana. Sai dai akwai sharaɗi tun na kakanni: bishiyar da ta yi shekara biyu a jere ba ta yi fure ba, an ɗauka ta zama itace, mai gona yana da ikon sare ta, don ba za ta tare masa rana a banza ba.

Tun kafin shekarun nan Gwaggo take cewa ƙasa tana sauya hali. Ba daga sama take karantawa ba, daga igiyar guga ne. Igiyar da ta zo da ita gidan miji gaba shida ce, tana taɓa ruwa har ta yi saura. Kafin ta rasu sau biyu aka yi mata ƙari. Kududdufin da muke wankin kalwa, ina yarinya yakan kai mu har bazara, da na yi aure kuwa kafin ɗari ya fita ya zama laka. Takan ce, "Tabawa, ni ba zan gani ba, amma ke za ki wanke kalwa da ruwan saye." Muna dariya muna cewa tsufa ne.

Ranin da aka canza kuɗi, Mai Zaƙi ba ta yi fure ba. Ko ɗaya. Na ce hutawa take. Na lallaɓa da kalwar saye, da daddawar batso ta 'ya'yan yakuwa, wadda Gwaggo take kira daddawar marasa gata.

Sai damina ta biyu ta zo ta wuce kamar baƙon da bai zauna ba. Maza suka watse cin rani, har da maigidana, wanda ya tafi birni ɗaukar kaya. Waɗanda suka rage suka koma wa itace. Da ma can mutanenmu suna kai itace birni a kan jaki su dawo da taki, amma reshe ake sassabowa, bishiya tana nan. A wannan shekarar ne mota ta fara shigowa har gona, masu gidajen burodi suna sayen bishiya sukutum. Da safe ki ji gatari ta gabas, da yamma ki ji ta yamma. Wurin da kika saba gani da duhuwa, ki wayi gari ki hango garin gaba tarwai.

Wata Laraba Yaya Sale ya yi sallama a ƙofar gidana. Na kai masa tabarma zaure, na gaishe shi, ya amsa yana kallon ƙasa.

"Tabawa, ɗari ya fita."

"Na gani, Yaya."

"Ɗorawar gidan Liman ta yi fure tun sati biyu. Ta bakin rafi ta yi. Taki ko ganye ba ta gama zubarwa ba."

"Mai Zaƙi ba ta gaggawa, Yaya. Babba ce."

"Babba ce, shi ya sa mai mota ya ce buhun dawa zai ba ni a kanta. Buhu, Tabawa, ba tiya ba. Baki tara ne a gidana. Jiya dusa aka dama musu." Ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Na gaya wa Mai unguwa. Ranar Asabar zai zo ya duba da idonsa. In babu fure, shekara biyu ta cika."

Ba zan ce muku Yaya mugu ba ne. Duk wanda ya ga 'ya'yansa a shekarar nan ba zai ce haka ba. Amma buhun dawa wata guda ne a gidan mutum tara. Mai Zaƙi kuwa ta ciyar da Gwaggo, ta aurar da Uwani, ta yi mini kayan ɗaki. In ta faɗi, sana'ata ta faɗi, don kalwar saye ta riga ta fi ƙarfina.

Na saɓa goyo na tafi gidan Uwani. Na same ta tana kaɗi. Tun ina zaure ta ɗaga murya, "Wa ya buɗe tukunyar miya? Au, Tabawa ce."

"Rufe mini baki, baiwata. Bishiyar uwarki za a sare."

Ta ajiye mazari. Na faɗa mata komai. Ina kallon tarin abawar da ta kaɗa, fara sol a cikin kwando, sai na ji bakina yana cewa, "Uwani, furen ɗorawa da me ya yi kama?"

Ta dube ni, ta dubi abawar, ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu. Uwata ta bar wa mahaukaciya gado."

Amma ita ta tashi ta nemo karan dafi wajen dukawa. Ranar Alhamis muka wuni a gidana muna aiki. Muka jiƙa karan dafi da kanwa, muka rina abawa ta yi ja wur. Muka samo ƙwallon goruba, mu naɗe shi da zaren, Uwani ta bi da wuƙa tana tsattsage bakin ya yi gashi-gashi. Kowace igiya ƙwallo biyu, ɗaya a kowane baki, yadda in an wurga za ta maƙale a reshe su rataya. Wallahi da kun gani a faifai, ku ma sai kun kai hanci. Muka yi ashirin da huɗu. Na lulluɓe su da buhu na tura ƙuryar ɗaki kada yara su gani.

Ranar Juma'a da rana tsaka, maza duk sun tafi masallacin Gezawa, muka ɗauki kwanduna kamar masu neman ganye. Wurgi ba aikin mata ba ne, na yarda. Na farko ya dawo ya sami Uwani a goshi, ta zauna daɓas tana zagin kakannina, waɗanda su ne nata. Wasu muka ɗora da gorar da nake kakkaɓo ɗorawa da ita. Kafin masu Juma'a su dawo, Mai Zaƙi ta yi ado ta gefen gabas. Muka ja da baya muka duba. Uwani ta ce, "Ko uwata ta taso sai ta ce barka."

Asabar da hantsi muka hallara: Mai unguwa Bawa da sandarsa, Yaya Sale, da wani ƙato mai gatari da mai mota ya turo. Mai unguwa tsoho ne, idonsa ya fara hazo, da wannan na dogara. Abin da na manta shi ne sana'arsa. Tun yana saurayi yake ɗaura amya a bishiyoyi yana cire zuma.

Yaya ya ɗaga kai, bakinsa ya buɗe. "Ikon Allah. Shekaranjiya na zo babu komai."

Na ce, "Ai na gaya maka, Yaya, ba ta gaggawa."

Mai gatari ya sauke gatarinsa daga kafaɗa yana tsaki. Mai unguwa kuwa ko sama bai kalla ba. Ya je gindin bishiya ya tsaya, ya karkata kai, ya ɗaga hannu a yi shiru. Muka yi shiru. Ba abin da ake ji sai kukan kurciya can nesa.

"Tabawa."

"Ranka ya daɗe."

"Ni dai tun ban fara aski da kaina ba nake bin ɗorawa, ban taɓa ganin ta yi biki ƙudan zuma bai zo gaisuwa ba. Kai mai gatari, ɗauki gorar can ka sauko mini da ɗaya."

Ƙwallayen suka faɗo tare, ƙwal, a gaban Yaya. Mai unguwa ya sunkuya ya ɗauka, ya jujjuya, ya kai hanci. Ya daɗe yana shaƙa. Sai na ga gemunsa yana rawa.

"Sale, zo ka ga abin al'ajabi. Bishiyar nan ta fi kowace sauri a ƙasar Kano. Ta tsallake 'ya'ya, ta tsallake kalwa, tun a fure ta haifi daddawa."

Buhun da na lulluɓe su da shi, na rufin kwando ne. Ni ban ji komai ba. Uwani kuwa ta wuni cur a gidana, hancinta ya mutu.

Mai gatari ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki. Yaya ya so ya yi fushi, ya buɗe baki ya ce, "Ke Tabawa, ke ko kunya," sai dariya ta ƙwace masa, ya juya baya yana tari. Rabon da in ji dariyar Yaya tun kafin a canza kuɗi. Ni dai na durƙusa na ja mayafi na rufe fuska.

Da aka natsa Mai unguwa ya ce, "To, ƙarya ta ƙare. Yanzu faɗi gaskiya. Me ya sa kike ganin ba ta mutu ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, Gwaggo ta koya mini, ɗorawa ba ta fure sai ta tuɓe tsohuwar riga. Dubi ƙasa, ganyen bana yanzu yake zuba. Bana ɗari ya makara, bai zo a lokacinsa ba, bai fita a lokacinsa ba. Waɗanda suka yi fure, ta Liman da ta bakin rafi, ƙafarsu tana kusa da ruwa. Ita tana tudu, saiwarta sai ta yi tafiya. Ba mutuwa ta yi ba, makara ta yi, kamar yadda komai ya makara."

Ya zaro 'yar wuƙa ya ɗan kankare ɓawon gindin. Ciki ja ne, da danshi. Ya shafa a yatsa ya nuna wa Yaya.

"Ni ma ƙudan zumana bana a makare suka shiga amya," in ji shi. "Sharaɗin kakanni an yi shi ne lokacin da shekara take cika alkawari. Yanzu ita ma tana saɓawa. Ga hukuncina. Juma'a biyu. In ta yi fure, fure mai ƙudan zuma, ba na Uwani ba, bishiya ta tsaya. In ba ta yi ba, Sale ya sare, kada in ji bakinki. Amma yunwar gidan Sale ba za ta jira Juma'a biyu ba. Tunda ke kika ja, tukunyar gidansa a wuyanki take har ranar. Tarar ƙaryarki ke nan."

Na ce na ji na karɓa.

Abin da ya fishe ni wani horon Gwaggo ne. Duk shekarar albarka takan cika tulu guda da busasshiyar daddawa, ta liƙe bakin da laka, ta ce wannan ba ta kasuwa ba ce, ta ranar da ba a so ce. Ina da irin wannan tulu tun shekara uku. Na fasa shi. A shekarar nan mutane ganye suke ci, tafasa, yaɗiya, zogale, har da waɗanda da awaki kawai ke ci, kuma ganye ba ya wucewa a maƙogwaro sai da daddawa. Ban ma kai kasuwa ba, a gida aka yi ta sallama. Wannan ta kawo garin rogo, waccan ta kawo tsabar dawa a gefen zane. Duk abin da ya shigo in raba biyu, in aika gidan Yaya. Ba a ƙoshi ba, amma an ɗora tukunya kullum.

Kowace safiya sai na je gona na ɗaga kai har wuyana ya ƙage. Juma'a ta farko ta wuce, babu komai. Ganye ya gama zuba, bishiya ta tsaya tsirara, sauran furannin ƙaryata suna lilo suna yi mini dariya. Yara suka sa mini waƙa. Ranar Litinin na ga wasu 'yan ƙulli-ƙulli a bakin rassa, amma ban gaya wa kowa ba, don wanda aka kama da ƙarya ko ya ga wata ba a yarda. Mai gatari kuwa kullum sai ya bi ta ƙofar gidana yana wasa gatarinsa a dutse, yana cewa, "Mai daddawa, a rina mini hula mana."

Ranar Alhamis, ana gobe wa'adi, ina tsakar gida ina surfe, sai na ji muryar Yaya daga zaure. Ko sallama bai gama ba.

"Ke mai wari! Ajiye taɓaryar nan ki zo ki ji."

Bai ce in zo in gani ba. Muka tafi yana gaba ina baya. Tun daga bakin gona na ji ƙugin. Reshe uku ne kacal, ta gefen yamma, inda ban rataya komai ba. Jajaye, 'yan ƙanana, ba su kai nawa kyau ba ma, amma ƙudan zuma ya rufe su.

Yaya ya tsaya ya harɗe hannu a baya. Can ya ce, "Buhun dawa dai ya tafi."

Na ce, "Garin bana duk na gidanka ne, Yaya. Kalwa kawai za a dawo mini da ita."

Haka aka yi. Da bazara, lokacin da yunwa ta fi tsanani, 'ya'yan Yaya da garin Mai Zaƙi suka yi ta kunu har ruwa ya sauka, bakinsu rawaya kamar 'yan tsaki. Bai yi yawa ba, amma ya kai su. Da Yaya ya karɓi buhun, da tuni ya ƙare kafin nan. Shi da bakinsa ya faɗa, ba ni ba.

Yanzu jikokina suna kunna mini rediyo, ina jin ana ta maganar sauyin yanayi. Sun ce hayaƙin injuna da motoci na manyan ƙasashe ne ya taru a sama ya riƙe zafi, da kuma sare itatuwa. Malamai sun ce komai da ikon Allah, kuma haka ne, amma Allah bai riƙe wa kowa gatari ba. Hayaƙin ƙasashen nan ban gan shi ba, ba zan yi shaida a kansa ba. Nawa na sani. Tukunyar kalwa ɗaya tana cin itacen da zai yi wa gida tuwon sati. Shekara nawa ina yi? Ina kuka ana sare ɗorawa, ni kuwa ina ƙona marke da ƙirya. Tun daga shekarar nan na koma kara da busasshiyar kashin shanu, itace sai na tayar da wuta. Kuma duk damina sai na tsoma kalwa a gefen gonaki, in kewaye da ƙaya saboda awaki. Da yawa sun mutu. Bakwai sun tsaya, huɗu a cikinsu suna ba ni kalwa yau.

In kuna son shaida kada ku tambayi rediyo, ku tambayi kwandona. Kwana ukun Gwaggo yanzu da zafi kwana biyu ne, kika bar ta ta kai uku ta zarce ta yi ɗaci. Igiyar rijiyarmu ta ninka ta Gwaggo. Kududdufi an yi gidaje a kansa, kuma kalwa da ruwan 'yan garuwa nake wanke ta, kamar yadda aka faɗa mini ina dariya. Ruwan sama da yakan zo a watan bakwai na manoma ya zauna da mu a hankali, yanzu sai ya yi ta jan rai, in ya tashi zuwa ya zo a fusace rana ɗaya ya rushe katangu, ya ɗauke ana tsakiyar bunƙasa. Sharaɗin shekara biyu kuwa tun daga kan Mai unguwa Bawa ba a sake sare ɗorawa da shi a garinmu ba sai an kankare ɓawo an duba.

To, wadda har yanzu take son koyo, ta dawo ranar Asabar da zanen da ba ta so. Ba za ta taɓa kalwa ba. Za mu je gona tukuna ta ga inda ake farawa, in ba ta ƙwaya goma ta tsoma da hannunta.

Mutanen wancan lokaci kusan duk sun tafi. Mai unguwa Bawa ya rasu tun kafin a kawo mana makaranta. Maigidana ya bi shi. Yaya Sale ya rasu shekara tara ke nan, Allah ya jiƙansu da rahama, kuma ɗansa da ya gaji gonar, ɗaya daga masu rawayan bakin nan, ko akuya ba ya bari a ɗaure a gindin bishiyar. Mai gatari ban san inda ya ƙare ba. Saura mu uku. Ni, da Uwani, wadda idonta ya tafi amma hancinta ya dawo, tun ina zaure take cewa a rufe tukunyar miya. Sai Mai Zaƙi. Bana ma ta makara, ta bar mu muna ɗaga kai har mako uku. Uwani ta aiko a gaya mini wai in ana bukata, tana da sauran abawa.